Bakancen Kakata

Har yau in na ji warin 'ya'yan kaɗanya a kan wuta, sai in ga kaina a bayan gidanmu na Salaga, ina 'yar shekara goma, ina zaune a kan turmin da aka kife. Wari ne mai ɗaci-ɗaci, in ya kama zane sai ya kwana uku bai fita ba. Ranar nan Iya ce take suyar, tana juya su da guntun katako a tsohuwar tukunya, hayaƙi yana shiga idonta ba ta ko kau da kai.

Iya ba jininmu ba ce. Tana ƙaramar yarinya aka kawo ta kasuwar Salaga, a zamanin da mahaya suke kai hari ƙasashen arewa suna kwaso mutane, mahaifin kakana ya saye ta. Da aka hana cinikin bayi, aka ce kowa ya tafi inda yake so. Ita ba ta san wani wuri ba, sai ta zauna. Ita ta goyi Babana, ita ta goye ni. Tana salla, tana azumi, Hausarta irin tamu ce. Abin da ya rage mata na asalinta shi ne tsagen fuskarta, da kuma abin da ta ji fatake suna faɗa tun tana yarinya, cewa daga wajen Bawku aka ɗauko su.

Kakata kuwa, mahaifiyar Babana, duk unguwar an san ta da hannun kyauta da kuma kaifin baki. Kowace Juma'a sai ta daka gumba ta raba. A daminar shekarar nan zazzaɓi ya kwantar da ita har aka fara fitar da rai, Iya ce ta yi jinyarta. Da ta miƙe, sai ga ta ranar nan ta dogaro sanda ta zo wurin murhu.

Ta ce, "Ke tsohuwa, ajiye katakon nan ki ji."

Iya ta ce, "Wa kike kira tsohuwa, Uwargida? Ai kin riga ni furfura."

"Tawa ta ciwo ce, taki ta shekaru ce. Saurara. Sa'ad da nake kwance na yi wa Allah bakance. Na ce in ya tashe ni, zan yi sadakar da ban taɓa yin irinta ba. Zan mayar da ke ƙasarku, wurin danginki, da ƙafata."

Fuskar Kaka tana haske yayin da take faɗa. Na tabbata ta daɗe tana juya abin a zuciyarta, tana ganin babu kyautar da ta fi wannan. Iya ta durƙusa, ta ce, "Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara lafiya." Ta daɗe a durƙushe har 'ya'yan kaɗanyar suka fara ƙonewa.

A wurinmu ba a mayar da sadakar bakance. Wanda ya ƙi karɓa kamar ya ce ne ciwon ya koma kan mai shi. Shi ya sa babu wanda ya tambayi Iya ko tana so, ita ma ba ta da bakin cewa a'a. Sai da Kaka ta koma ciki, sannan Iya ta sauke tukunyar ta dube ni.

Ta ce, "Uwata," don haka take kirana, "an ce mutanen can ba sa salla. In na mutu a can, wa zai yi mini wanka? Wa zai sa ni a likkafani?"

Na ce, "Bari in gaya wa Kaka."

Ta kama hannuna da hannunta mai maiƙo. "Kul. So kike ta sake kwanciya?"

Ban gaya wa Kaka ba, kuma haka na riƙe maganar har tsawon tafiyar.

Da ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, Baba ya shirya ayarinsa na goro zuwa Bawku kamar yadda ya saba. Ya yi ta fama da Kaka ta zauna, ya ce shi zai kai Iya. Ta ce, "Kai ka yi bakancen ko ni?" Aka ɗaura mata shimfiɗa a kan jaki mafi lafiyar hali, ni kuma aka ce in bi don in riƙa yi mata hidima. Iya ta ɗora ƙullinta a ka ta bi a ƙasa. Ta bar tukunyarta a kife bayan madafa, ta leƙa ɗakinta sau biyu kafin mu fita.

Ban taɓa wuce gonakin doya na bakin gari ba sai a wannan tafiyar. Ina tuna dogayen ciyayi da suka bushe suka yi ruwan zinariya, da ƙarar ƙararrawar jakin gaba, da yadda kowace safiya Baba yake kwance huhun goro ya yayyafa ruwa ya sake naɗe shi da ganye kamar mai lallaɓa jariri. Da rana nakan yi ta kallon gajimare ina raba musu sunaye har in yi tuntuɓe. Kaka tana kan jaki tana yi wa Iya lissafin daɗin da za ta ji.

"Za ki ga 'ya'yan ƙannenki. Za a yi ta kawo miki zabi. Kada dai ki yi ƙiba ki manta da mu."

Iya ta ce, "Da wane haƙorin zan ci zabin?"

A Yendi muka sauka gidan mai masaukin Baba a zango. Matar gidan 'yar ƙabilar Dagwamba ce, mai fara'a, mai jiki. Ta kawo mana sakwara a akushi ɗaya, ta ajiye tsakanin tsofaffin biyu. Kaka ta dubi akushin, ta ce a ƙaro ƙwarya, domin a gida ba su taɓa cin abinci a mazubi ɗaya ba.

Matar ta ce, "Af, na ɗauka 'yar'uwarki ce."

Kaka ta gyara zama ta ce, "A'a, wannan ai sadaka ce nake kaiwa Bawku."

Ta kwashe labarin ciwonta da bakancenta ta faɗa, matan gidan suka taru suna sa mata albarka. Ba da mugunta ta faɗa ba, ni shaida ce. Amma na ga Iya ta sunkuyar da kai tana kallon tsagewar diddigenta, kamar ba ita ake magana a kai ba. Matar gidan ta yi wa Kaka addu'a mai tsawo, sannan ta raba abincin, ta ɗauki tsokar da ta fi girma ta sa a ƙwaryar Iya.

Bayan Yendi ƙasa ta fara canzawa. Bishiyoyi suka ragu, duwatsu suka yawaita. A gangaren dutsen nan na wajen Gambaga dole kowa ya sauka daga kan dabba. Iya ta miƙo mini ƙullinta ta riƙe Kaka a kafaɗa, suka riƙa sauka taki ɗai-ɗai.

"A hankali mana, so kike ki jefar da ni?"

"Da ina so ai da tun da damina na huta."

Suka yi dariya har suka tsaya suna haki. Daga ƙasan dutsen na ɗaga kai na gan su, kamar inuwa biyu a jikin sararin sama, ba ka iya cewa ga mai riƙe da wani.

Bawku ta cika mini ido. Kasuwa ce ta shanu da tumaki da tulin albasa, harsuna suna ta karo da juna. Baba ya shiga sabgar goronsa, mu kuma muka shiga yawo da Iya rumfa-rumfa muna nuna fuskarta. Ranar kasuwa ta biyu wata mai albasa, 'yar ƙabilar Kusasi mai jin Hausa, ta kama haɓar Iya ta juya ta hagu da dama. Ta ce ta san wani gida, tafiyar rabin yini, da aka kwashe musu yara a zamanin mahaya. Ta yarda ta raka mu ta yi mana tafinta. Baba ya bar cinikinsa ya biyo mu.

Gidajen can ba a jere suke kamar namu ba. Kowane gida yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar gonarsa, ɗakuna zagayayyu sun haɗa kai kamar tukwane da aka kife. A ƙofar wanda muka nufa akwai rumfar kara, wani dattijo siriri yana zaune a ƙarƙashinta a kan fatar akuya. Kafin a ce komai, wata mata ta fito da ƙwarya cike da farin ruwa ta durƙusa gaban Kaka.

Kaka ta raɗa mini, "Ba giya ba ce kuwa?"

Mai albasa ta ji, ta yi dariya. "Uwa, garin gero ne da ruwa. A nan ba a gaida baƙo sai ya sha."

Kaka ta yi bisimilla ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta miƙa wa Iya.

Sannan dattijon ya tambayi Iya abin da take tunawa. Yaren ya ɓace mata, sai kalma biyu, ta ruwa da ta uwa. Ta ce tana tuna wata kuka mai rami da zuma suke zaune a ciki. Tana tuna mahaifiyarta tana niƙa a kan dutse. Tana tuna tana goye da ƙanenta sa'ad da dawakai suka zo, ba ta kuma san inda ya faɗi ba. Ban taɓa jin ta faɗi wannan ba, Kaka ma ba ta taɓa ji ba. Mai albasa tana juya maganar zuwa yarensu, muryarta tana raguwa.

Dattijon ya daɗe yana kallon Iya. Har na fara jin kukan zabi a bayan gida da motsin iska a karan rumfar. Can ya faɗi wata 'yar gajeriyar magana, mai albasa ta ce, "Ya ce 'yarsu ta dawo gida."

Mata suka fito suna guɗa. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta shafa fuskar Iya da yatsu, tana bin tsagen ɗaya bayan ɗaya tana hawaye. Aka share wani ɗaki, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Dattijon ya sa aka kamo kaza, ya ce zai sanar da kakanninsu cewa 'yarsu ta iso. Kaka ta juya baya ta fito da tasbaharta, amma ba ta tashi daga wurin ba. Da aka gama, ta ce da Baba a hankali, "Mutanen nan ba su san alƙibla ba, amma dubi yadda suka karɓe ta. Ba su ko tambayi abin da ta kawo ba."

Kwana uku muka yi a gidan. Sun lura muna salla, sai suka riƙa ajiye mana ruwa a tulu daban, kuma duk abin da za a yanka sai a kira Baba ya yanka. Iya tana zaune cikin mata suna ta yi mata magana, tana murmushi tana gyaɗa kai, ba ta jin ko ɗaya. In ta gaji sai ta zo ta zauna kusa da ni ta ce in tsefe mata kai.

Safiyar da za mu tafi, Kaka ta kwance kayan da ta ɓoye tun daga Salaga, ta shimfiɗa su a tsakar gida gaban kowa. Zane biyu sababbi, da buta, da tasbaha, da ƙwaryar goro. A ƙarshe ta fito da farin yadi a naɗe. Tsofaffinmu sukan tanadi likkafaninsu tun suna da rai, kuma Kaka nata na kanta ta ɗauko, wanda ta daɗe tana ajiya a ƙasan adaka.

Ta ce, "Ga wannan. Ban yarda a sa ki a abin da bai kai nawa ba."

Iya ta karɓa da hannu biyu, ta shafa shi. Ta ce, "Yadin yana da kyau, Uwargida. Allah ya biya ki. Sai dai kafin ki tafi, ki nuna wa matan nan yadda ake wankan, da yadda ake naɗawa. Mutanen kirki ne, ba na so su ji kunya ranar."

Kaka ta ce, "Wannan gaskiya ne." Ta juya wajen mai albasa. "Gaya musu, a sami ruwa mai tsarki. A fara da alwala, sannan a wanke gefen dama. Sannan a sami wanda zai tsaya ya yi mata..."

Ta tsaya. Ta dubi matan da suka kewaye mu suna jira da fara'a, ta dubi gonakin da suka miƙe ba masallaci ba ladan, ta dubi Iya riƙe da farin yadi a ƙirji. Sandarta ta zame, ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Ni ta fara kamawa. "Ke, ƙawata, kin san da wannan?"

Na gyaɗa kai, hawaye suna zuba.

"Tun yaushe?"

"Tun Salaga."

"Kika bar ni ina ta zuba a kan jaki kamar mai tallan magani?" Ta juya ga Iya. "Ke kuma, shekara nawa muna tare, bakinki bai taɓa mutuwa a kan gishirin miya ba, sai a kan wannan?"

Iya ta ce, "Bakance ne, Uwargida. In ciwon ya dawo fa?"

"In ya dawo ke za ki yi jinya, wa kika ga ya iya in ba ke ba? Ni na yi bakancen, ni zan san yadda zan yi da Ubangijina. Tashi ki ɗaure kayanki."

Baba ya matso ya ce, "Inna, ba haka ake yi ba. Kin kawo ta, sun karɓa, sun yanka kaza. Yanzu 'yarsu ce. Sai an roƙa."

Ban taɓa ganin Kaka ta durƙusa wa kowa ba. Ranar nan ta ɗebi goro a hannu, ta rarrafa har gaban fatar akuyar dattijon, ta ce wa mai albasa, "Gaya masa na yi kuskure. Na ɗauka kyauta nake yi, ban tambayi mai ita ba. Ina roƙo ya ba ni ita. Ba aiki za ta yi mini ba. Ba ni da wata 'yar'uwa da ta wuce ta."

Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi Iya da kanta abin da take so. Shi ne mutum na farko da ya tambaye ta. Iya ta ce tana son ta mutu inda ta san sunan kowa. Ya karɓi goron, ya ce 'ya mace dama takan zauna a wani gida, wannan ba ya raba ta da gidan ubanta. Ya ce ɗakin da aka share nata ne, ba za a sa kowa a ciki ba. Aka ɗaura mana zabi biyu da damin gero, tsohuwar nan mai raunin gani ta raka mu har bakin gona tana riƙe da gefen zanen Iya.

A zangon Bawku Kaka ta aika Baba wurin malami ya tambayo mata hukunci. Aka ce ta yi kaffara, ta ciyar da miskinai goma. Ta ce da hannunta za ta dafa. Muka ƙara kwana biyu, Baba yana ta ƙorafi tumakin da ya saya suna ramewa. Ita da Iya suka tuƙa tuwo a gidan aro, suna faɗa a kan yawan daddawa, aka kira mutum goma daga bakin kasuwa, aka sami fiye da haka, duk suka ci. Da muka kama hanyar gida, jakin nan mai lafiyar hali karɓa-karɓa suka riƙa yi da shi. A Yendi matar mai masauki ta fito ta gan su tare, ta tafa hannu ta ce, "Sadakar ta dawo?" Kaka ta ce, "Ta fi ƙarfina."

Iya ta ƙara shekara bakwai a duniya. Duk shekara in ayari zai tashi, sai ta ƙulla gishiri da man kaɗanya ta ba Baba ya kai gidan dattijon, shi kuma ya dawo mata da gero. Takan zuba shi a faifai ta zagaya maƙwabta tana ɗiba musu, tana cewa, "Daga gidanmu ne." Ciwon Kaka bai dawo ba. Ranar da Iya ta rasu, Kaka ta hana kowa taɓa ta. Da hannunta ta yi mata wanka, ni ina zuba ruwa, aka yi mata salla a ƙofar gidanmu, unguwa ta cika.

Sai bara, ina da aurena da 'yata a baya, muna hira da Baba a zaure, ya gaya mini abin da ya riƙe shi kaɗai duk shekarun nan. Ya ce tun yammacin ranar da muka isa gidan, dattijon ya ja shi bayan rumbu tare da mai albasa. Ya ce masa tsagen fuskar Iya ba nasu ba ne, na wasu mutane ne can yamma, kuma a duk ƙasarsu babu kukar da ta kwatanta. Tun kallon farko ya gane. Amma ƙannensa mata biyu mahaya suka ɗauke a rana ɗaya, ba wadda ta dawo, kuma yana fata in ɗayarsu ta tsaya a ƙofar wani da tsufanta, a ce mata ta shigo. Ya roƙi Baba kada ya faɗa wa tsofaffin biyu, Baba kuwa bai faɗa ba.